Gayyatar Masu Alƙalami da Hanyar da Ta Ratsa Kudancin Kano

Daga cikin al'adun da mutanen ƙasar Kano suka gada kaka da kakanni, waɗanda kuma ba a cika tunawa da su ba idan an zauna lissafin abubuwan alfahari irin su ganuwa da karofi da kasuwar Kurmi, akwai wata wadda ta girmi jarida, ta girmi maɗaba'a, bal ma ta riga zuwan boko da ƙarni huɗu, watau al'adar nan ta cewa idan Allah ya jefo baƙon malami gari, ba a barinsa ya ɗaure kayansa ya wuce sai an roƙe shi ya bar wani abu a rubuce, ko dai warwarar wata mas'ala da ta shige wa mutane duhu, ko nasiha ga masu mulki, ko kuwa wani ɗan littafi da almajirai za su riƙa dubawa bayan tafiyarsa. Nufina shi ne in bi sawun wannan al'ada tun daga zauren sarki har zuwa shafin jarida, in kuma duba rabon da garuruwan kudu suka samu a cikinta, watau Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, domin kuwa ta cikinsu ne galibin masu nufin Kano daga Zazzau da ƙasar duwatsu suke shigowa, malami ne ko falke ko mayaƙi.

Baƙon farko da tarihi ya riƙe sunansa a wannan babi shi ne Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili, mutumin Tilmisan, wanda ya sauka Kano wajen shekarar 1492, a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Sarkin nan bai wadatu da ya karrama baƙonsa da masauki da tufa da abinci ba, sai da ya nemi ya rubuta masa abin da ya wajaba a kan mai mulki, shi kuwa Shehun ya amsa da risalar nan mai babi takwas da aka sani da Tajuddini, wadda har yau ake karantawa a zaurukan ilmi. Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi a nan shi ne cewa mai gayyar ya san abin da yake so. Tambaya ce takamaimiya ya yi, ga mutumin da ya tabbata zai iya amsa ta, bayan ya ɗauke masa ɗawainiyar ci da sha. Bayan shekara ɗari uku da 'yan kai, abin ya sake maimaituwa a kan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya bar rundunar jihadi wajen 1807, zuciyarsa ta ƙosa da abin da ya gani na son duniya a tsakanin jama'a, ya nufi gabas da niyyar Makka, amma da ya iso Kano a zamanin Sarki Sulaimanu sai mutanen gari suka tare shi, suka ce ba su da abin dogaro a sha'anin hukunci da tafiyar da mulki bisa shari'a, lalle sai ya rubuta musu. Wannan roƙo shi ya haifi Liya'ul Hukkami, a zaman nan kuma ya karantar da su tafsiri, daga bisani ya fasa tafiyar ya koma gida.

Duk wanda ya saba buɗe littattafan malamanmu na da ya san yadda da yawansu suke farawa, bayan godiya ga Allah da salati ga Manzo, da ambaton cewa wani ɗan'uwa ne ko wani almajiri ya nemi a yi talifin. Waɗansu suna ɗaukar wannan a matsayin tawali'u kawai, irin na malamin da ba ya son a ce ya tura kansa gaba. Ni dai ina ganin gaskiya ce tsagwaronta suke faɗa, domin a zamanin da ba maɗaba'a ba kantin littattafai, ba abin da zai sa mutum ya ƙarar da takarda mai tsada face ya tabbata akwai wanda yake jira ya karɓa, ya kwafa, ya karantar.

Tsadar takardar kuwa ba wasa ba ce. Wadda aka fi rubutu a kanta a ƙarni na 19, mai alamar wata uku idan an ɗaga ta a haske, a arewacin Italiya ake yin ta, ta ƙetare teku zuwa Tarabulus ko Masar, sa'an nan ta hau raƙumi ta ratsa Sahara kafin ta iso hannun Larabawan Kano da 'yan kasuwar Kurmi. Sauran kayan aikin duk na gida ne: alƙalami na sillen kara ko na gamba, wanda kowane ƙolo ya iya feƙewa, tawadar zuge ta gawayi da ƙaro domin allo, saboda a iya wanke ta, tawadar takarda wadda ake dafawa da bagaruwa da kashin maƙera domin ta zauna, ja domin wasali, sai kurtu, da tadarishi, da gafaka ta dukawa wadda ake rataye littafin a ciki. Amma kayan aikin mai talifi bai tsaya ga abin da ake riƙewa a hannu ba, domin wanda bai san nahawu da sarfu ba ko an ba shi rimin takarda ɓata ta zai yi. Saboda haka ne Malam Abdullahi ɗin nan dai ya tsara Baharul Muhiɗi a fannin nahawu, da Hisnur Rasini a fannin sarfu, da wani littafin a kan aruli da ƙafiya domin masu ƙasida. Haka kuma Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda daga baya ya shahara a Salaga da Karaci ta ƙasar Gwanja har ya rasu can a 1934, yana saurayi ɗan kimanin shekara ashirin, a 1877, ya wallafa Sarhatul Wariƙa, littafin koyar da tsara wasiƙa, mai ɗauke da samfurorin yadda ake rubuta wa sarki da malami da aboki. Idan ana neman littafin da malamin Kano ya yi musamman domin ya taimaki mai rubutu a kan sana'arsa, to, da wuya a tsallake wannan.

Ba kuwa banza ta sa littafin wasiƙa ya fito daga hannun ɗan fatake irin Alhaji Umaru ba, kuma a nan ne Bebeji take shigowa cikin zancen. A ƙarni na 19 Bebeji babbar alƙarya ce mai ganuwa, zangon ayari a kan hanyar Zazzau, matattarar Agalawa da sauran masu fataucin goro zuwa Gwanja. Baturen nan Kyaftin Clapperton, wanda yake yawo da sunan Abdullahi, ya ratsa ta a 1826 a kan hanyarsa daga Zariya zuwa Kano, ya ƙiyasta mutanenta da dubu ashirin ko fiye, ya kuma shaida cewa kasuwanci ne abin yinsu. To, ayarin Gwanja, wanda yakan share watanni a hanya, bai cika ba sai da malaminsa, kamar yadda bai cika ba sai da madugu da jagaba da uban dawaki. Malamin ayari shi ne mai duba ranar tashi, shi ne liman, shi ne mai rubuta bashi da amana, shi ne mai tsara takarda zuwa ga sarakunan hanya da masu masauki, idan kuma ajali ya riski wani falke a daji shi ne mai ƙididdige dukiyarsa domin magada. Garin da yake tayar da irin waɗannan ayarori kowace shekara ba zai rasa ma'abota alƙalami ba. A cikin wannan gari ne, a gidan fataken Agalawa, aka haifi Alhasan Ɗantata a 1877, shekarar da Alhaji Umaru ya gama littafinsa, kuma da karatun allo da lissafin fatake ya tashi har ya zama attajirin da ba kamarsa a Afirka ta Yamma kafin rasuwarsa a 1955.

Can kudu kuwa, wajen Tudun Wada da duwatsun Riruwai inda yanzu ake kira Doguwa, al'amarin ya sha bamban, domin ƙasar bakin daga ce. Tun daga tsakiyar ƙarni na 19 Ningawa suke kawo hari, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya yi mulki daga 1855 zuwa 1882, ya ƙarar da shekaru masu yawa yana kai da kawowa a wannan yanki domin tsare iyaka. A Riruwai kuma maƙera suna narka kuza suna zuba ta sirara kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwannin nesa tun kafin Turawa su ji labarin ma'adinin. Ga yaƙi, ga sana'a, ga hijira, ga tsangayun alarammomi da gardawansu masu rubuta Alƙur'ani da ka, duk abubuwan da suke cika littafin tarihi. Amma littafin Tarihin Kano, wanda aka kammala a ƙarshen wannan ƙarni, idonsa yana kan fada. Garin karkara ba ya samun shiga sai ran da sarki ya yi sansani a cikinsa ko abokan gaba suka ƙone shi. Alƙaluman kudu sun rubuta Alƙur'ani, sun rubuta laya da wasiƙa da lissafin bashi, amma gayyatar da aka yi wa Almagili da ɗan Fodiyo a birni aka yi ta, a birni kuma ta zauna. Saboda haka ne idan yau ɗan Bebeji yana neman siffar garinsu ta shekara ɗari biyu da suka wuce, hannunsa yakan fara kaiwa ga littafin baƙon da ya kwana ya wuce.

Ta hanyar Bebeji ɗin nan dai rundunar Turawa ta Kanar Morland ta biyo daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903. Bebeji ce ta rufe ƙofa ta ƙi buɗewa, aka harba mata igwa, sarkinta ya rasu tare da waɗansu mutanensa, kwana biyu bayan haka, ran 3 ga Fabrairu, Kano ta faɗi alhali Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai dogo ya bi ta Dangora da Yako a ƙasar Kiru ya bar Bebeji a gefe, goro ya koma wagon, manyan fatake suka tattara suka koma birni, malamin ayari kuma aikinsa ya mutu ba tare da an yi masa zaman makoki ba.

Sababbin masu mulki su ma sun zo da tasu gayyatar, ko da yake da wata manufa. Suna bukatar Hausar da jami'ansu za su koya su ci jarrabawa, saboda haka sai suka riƙa sa malamai suna rubuta musu tatsuniyoyi da labaru da karin magana da ajami, ana biyansu. Daga irin wannan aiki ne Frank Edgar ya tara littafinsa na Tatsuniyoyi mai juzu'i uku, wanda aka buga tsakanin 1911 da 1913, kamar yadda Bajamushe Mischlich ya sa Alhaji Umaru ya rubuta masa labarun ƙasashen Hausa a can Karaci. Ba za a musa fa'idar waɗannan littattafai ba, don da ba su da abubuwa da yawa sun salwanta. Sai dai sunan da yake bisa bango na Bature ne, malaman da suka yi wahalar kuwa sai mai bincike ya tona kafin ya san ko su wane ne. Gayyar da ake cin guminka a ɓoye sunanka ƙwadago ce, ko da an biya lada mai kyau.

Gayyatar da ta canja al'amari ita ce ta 1933. Hukumar Fassara, wadda aka kafa a Kano a 1929 aka mayar da ita Zariya, daga baya kuma aka sake mata suna Hukumar Talifi, tana ƙarƙashin Dokta Rupert East, mutumin da ya lura cewa an koya wa yara karatun boko amma ba a tanadar musu abin da za su karanta don nishaɗi ba, wanda kuwa ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, ba da jimawa ba zai manta. Sai ya tashi da kansa ya zaga manyan garuruwan Arewa, yana tara malamai, yana roƙonsu kowa ya ƙago labari daga kansa mai tsawon kalma kamar dubu ashirin, za a buga waɗanda suka fi, a kuma ba da lada. Shi da kansa ya bayyana daga baya irin wuyar da ya sha, domin a wurin dattijon malami alƙalami abu ne mai alfarma, ba a tsoma shi a tawada sai don gaskiya, ƙagaggen labari kuwa tatsuniya ce, aikin mata da yara da dare, in ma ba a kira shi ƙarya ba. Ni ban ga laifin malaman nan ba ƙwarai, domin an zo musu da baƙon abu ne ba tare da an nuna musu samfurinsa ba, kuma mutumin da aka rene shi a kan cewa kowane harafi za a tambaye shi a kansa ranar hisabi ba zai sauya ra'ayi saboda jawabin yini ɗaya ba.

Waɗanda suka amsa har aka buga nasu biyar ne: Malam Abubakar Imam da Ruwan Bagaja, yana saurayi ɗan shekara 22 mai koyarwa a Midil ta Katsina, wansa Malam Bello Kagara da Ganɗoki, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin Midil ta Bauci, da Shaihu Umar, Malam Muhammadu Gwarzo da Idon Matambayi, sai Jiki Magayi wanda John Tafida na Wusasa ya yi tare da East ɗin. A dubi jerin nan da kyau. Kusan dukkansu mutanen makarantar gwamnati ne ko ma'aikatanta, waɗanda kiran ya same su a inda suke saboda suna kan hanyar mai kiran. Duk faɗin ƙasar Kano, mafi yawan jama'a a Arewa, mutum ɗaya ta fitar, shi ma daga yamma. Mai yiwuwa motar East ta bi ta kudancin Kano ko jirginsa ya tsaya a Dangora ya sha ruwa, amma taron a birni aka yi shi, da boko kuma aka nemi rubutun, alhali kuwa masu alƙalamin waɗannan garuruwa da ajami suka iya.

Abin da East ya yi bayan gasar, a ganina, ya fi gasar kanta muhimmanci, kuma shi ne abin da masu kwaikwayonsa suka fi mantawa. Da ya gane baiwar Abubakar Imam, sai ya nemi a ba shi aronsa daga Katsina a 1936, ya zaunar da shi a Zariya wata shida, ya ɗauke masa aikin aji, ya tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da na Indiya da na Turai, irin su Dare Dubu da Ɗaya da Kalila wa Dimna, ya ce ya karanta ya ga yadda ake gina labari, sa'an nan suna zama tare suna bin abin da ya rubuta suna gyarawa. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, juzu'i uku, wanda har gobe ba a yi na biyunsa ba. A daidai wannan lokaci kuma sauran kayan aiki suna ta haɗuwa: ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934, an daidaita haruffan nan masu lanƙwasa da suka raba ɓ da b, da ɗ da d, da ƙ da k, aka huta da ɗige-ɗigen da ake yi a ƙarƙashin harafi tun zamanin Baturen nan Ɗan Hausa. Manomin Kiru ya san cewa mai kiran gayya ba ya tsayawa ga aika goro. Sai ya dama fura, ya tuƙa tuwo, ya kira makaɗi, ya kuma nuna wa jama'a kunyar da za su fara, in ba haka ba kowa ya zo zai jingina da fartanyarsa ya yi hira ya koma. East ya dama furarsa, shi ya sa gonarsa ta nomu.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam yana edita, kujerar da ya riƙe fiye da shekara goma, kuma da ita ne gayyatar ta fita daga hannun zaɓaɓɓu ta zama ta kowa. Jaridar ta buɗe filin wasiƙu, ta ce duk mai magana ya aiko, editan kuwa yana amsawa, yana gyara Hausar wanda ya karkace, wani lokaci da zolaya, wani lokaci da faɗa, har filin ya zama makarantar koyon rubutu ga mutanen da ba su taɓa ganin juna ba. A gunduma irin ta Kiru ko Tudun Wada, inda masu boko a lokacin ba su wuce malamin hakimi da malamin haraji da na makaranta da na asibiti ba, kofi ɗaya yakan zaga hannu da yawa, a karanta shi da ƙarfi a ƙofar fada ko a tasha, wanda bai iya ba ya saurara, in yana da ƙorafi ya sa a rubuta masa. An kuma yi ƙoƙarin saka 'yar takardar ajami a ciki domin waɗanda ba su yi boko ba, wanda ya nuna cewa masu jaridar sun san inda gizo yake saƙa. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, maɗaba'a ta samu gida nata na kanta.

Sa'an nan sai zamanin Yaƙi da Jahilci, da hukumar buga littattafai ta NORLA wadda ta yi aiki daga wajen 1954 zuwa 1959. Ba a taɓa buga Hausa da yawa kamar a waɗannan 'yan shekaru ba: ƙananan littattafai na kiwon lafiya da noma da addini, waƙoƙin su Malam Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja, Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, da jaridun larduna, Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zariya, kowace tana roƙon mutanen lardinta su aiko da labarin garinsu. Wannan shi ne karon da kiran ya fi kusantar ƙauye, domin ajin manya ya shiga har unguwannin da ba su da firamare. Amma hukumar ta durƙushe a kan abin da ba a yi masa tanadi ba, watau hanyar kai littafi ga mai saye. Littattafai suka taru a sito a Zariya, kuɗi ya ƙare, aka rufe ta, wanda ya koyi haɗa baƙi a ajin dare a Doguwa ya koma ba shi da abin karantawa sai takardar haraji.

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba sai na tsawaita ba. Kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya yi gasa a ƙarshen shekarun 1970, wadda ta fito da Sulaiman Ibrahim Katsina da Magaji Ɗambatta da Hafsatu Abdulwahid mai So Aljannar Duniya. Gwamnatin tarayya ta yi tata a farkon shekarun 1980. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilmin manya a Kano a 1980, mata da yawa suka koyi karatu. Da tattalin arziki ya karye, kamfanoni suka daina karɓar rubutu, sai matasan Kano suka daina jiran a kira su, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu, suna duba wa juna rubutu, suna nuna wa sabon shiga maɗaba'a mai sauƙi da ɗan kasuwar da zai karɓa, har suna buga hoton bangon littattafan 'yan'uwansu a cikin nasu. Masana sun yi ta kushe waɗannan littattafai, wani sukan da hujja wani ba hujja, amma su ne suka warware matsalar da ta kashe NORLA, domin sun isa kasuwannin ƙauye a kan tabarmar mai sayar da Ƙawa'idi da Iziyya, 'yan mata suna haya suna karantawa. Tun daga 2016 kuma Sashen Hausa na BBC yake kiran mata zuwa gasar Hikayata, yau ga waya a hannun kowa, mai rubutu a Riruwai yana iya aika labarinsa London kafin shayinsa ya huce.

Sai dai sauƙin aikawa bai kawar da tsohuwar matsalar ba. Har yanzu kiran daga birni yake fitowa, da Hausar birni, a kan abin da ya dami birni, kuma galibi kira ne tsura, ba ƙamus, ba littafin ƙa'idojin rubutu, ba editan da zai zauna da mutum ya nuna masa inda ya raba kalmar da ake haɗewa, balle ladan da zai saya wa iyali cefane a kwanakin da ya bar gona ya zauna rubutu. Alhali kuwa abin rubutawa a kudancin Kano ya fi ƙarfin alƙalami ɗaya. Ga madatsar ruwan Tiga da gwamnatin Audu Bako ta gina aka gama a 1974, da ƙauyukan da aka tasa dominta, da noman rani da ya sauya rayuwar dubban gidaje; ga Bagauda da ta tashi daga masaukin shaƙatawa ta zama makarantar horar da lauyoyi; ga dajin Falgore da abin da makiyaya da matafiya suka gani a cikinsa; ga ramukan kuza na Riruwai; ga zuriyar fataken Gwanja da takardun kakanninsu a cikin tsofaffin adudai, gara tana ci.

Saboda haka ina kira ga masu mujallu da ƙungiyoyin marubuta da jami'o'inmu na Kano, idan za su sake gayyatar masu alƙalami, su taka da ƙafarsu zuwa Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ranar kasuwa, su zauna da alarammomi da tsofaffin malaman firamare da matan da suke koyarwa a Islamiyya, su faɗa wa kowa takamaiman abin da ake so ya rubuta, su kai masa littattafan da zai duba, su karɓi ajami kamar yadda suke karɓar boko, su biya, su kuma buga sunan mai rubutu da na garinsu a saman aikinsa. Ku kuma 'ya'yan waɗannan garuruwa da Allah ya ba ku ilmi da wadata, ɗaukar nauyin ɗab'in littafi tsohuwar sadaka ce ta attajiran Kano, ba sai kun jira hukuma ba. Dattawan da suka ga tashin ƙauyukansu sa'ad da ruwan Tiga ya taru suna nan da ransu, ƙaraminsu ya ba hamsin baya, duk mai niyyar wannan aiki ya fara da su a ranin bana.